Waldar agon ɗina duk ramuka take yi a jikin fayif, in sayar da injin ne?

Wani matashi mai walda ne ya turo wannan saƙon, na ɗan taƙaita shi:

"Salam Oga, dan Allah shawara nake nema. Na daɗe ina waldar ilektirod kuma Alhamdulillah hannuna ya faɗa, sai kwanaki na tara kuɗi na sayi injin TIG, wato na waldar gas ɗin agon, saboda aikin siraran fayif, irin su ƙafar tebur da kujeru da abin dafawa na matakalar bene. Fayif ɗin baƙin ƙarfe ne, kaurinsa milimita 1.5. Matsalar ita ce duk inda na bi sai ƙananan ramuka su fito, wani wajen ma ya ɓurme gaba ɗaya, tangistin, wato tsinken da wuta ke fitowa daga bakinsa, kullum baƙi yake yi, kuma in na zo rufe zagayen ƙarshe sai narkakken ƙarfen ya tofo waje. Na ƙara gas har lita 20 ba canji. Wayar ciko kuwa ilektirod nake farfasa ɓawonta in yi amfani da ita. Akwai abin dafawar da na kai aka kira ni wai ya tsage a gaɓa, na je na shafe da foti na fenta amma raina bai kwanta ba. Abokan aiki suna cewa injin ne jabu, in sayar in koma abin da na iya. Wallahi har kunyar shiga shago na fara ji."

Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka sayar da injin nan tukuna, kuma ka daina jin kunya, domin duk abin da ka lissafa babu ko ɗaya da ya nuna min injin ne da laifi. Amma kafin mu je ga injin bari in fara da abin da yafi damuna a saƙonka, wato abin dafawar nan da ka shafe da foti. Ka koma ka ciro shi. Tebur in ya karye asara ce kawai, amma abin dafawa na bene mutum ne zai jingina da dukkan nauyinsa, tsoho ko yaro ko mai juna biyu, kuma tsaga a walda bata tsayawa inda ta fara, ci gaba take yi a ƙarƙashin fentin ba wanda ya sani sai ranar da ta ɓalle. Ranka da bai kwanta ba gaskiya yake faɗa maka. Ka kira mai aikin kace masa ka gano akwai gyara a gaɓoɓin kuma zaka sake su a kanka, ka ce kar a dafa shi kafin ka zo. Zai iya yin faɗa, toh ya yi, wannan yafi a kira ka a ce wani ya faɗo.

Yanzu ga dalilin da yasa hannunka da ya iya ilektirod yake neman ba ka kunya a nan. Ita ilektirod ɓawon nan na jikinta shi ke yi maka rabin aiki baka sani ba, yana narkewa ya ba da hayaƙin da ke kore iska, ya kwashe tsatsa da datti ya taso da su sama su zama kashin walda ka ƙwanƙwashe ka wuce. Shi yasa zaka iya bin ƙarfe mai tsatsa da fenti kuma waldar ta kama. A TIG babu wannan gatan ko kaɗan, agon ɗin nan baya wanke komai, aikinsa ɗaya ne tak, ya tsaya tsakanin narkakken ƙarfe da iskar waje. Duk dattin da ka bari a jikin fayif ko waya cikin waldar zai shiga, duk iskar da ta samu kafa ta kutsa ciki zata shiga, sai su zama kumfa, ƙarfen ya daskare kafin kumfar ta fita, shine ramukan da kake gani. Kenan ramuka a TIG kusan kullum abu biyu ne, ko datti ko iska. In ka riƙe wannan ka rage wa kanka rabin wahala.

Kuma dan Allah kar ka canza abu biyar lokaci ɗaya, wannan shi ke rikita mutane, ka canza gas ka canza wuta ka canza waya sannan in abu ya gyaru ko ya ƙara lalacewa baka san wanne ne ya jawo ba. Ga gwajin da nake so ka fara yi gobe da safe. Ka samu guntun falan ƙarfe mai ɗan kauri kamar milimita 3, ka goge shi da giranda har ya yi fari fat yana sheƙi, ka share da asiton, wato ruwan sinadarin nan mai wanke maiƙo, ka kashe fanka ka rufe inda iska ke kaɗowa, sannan ka kunna wuta ka ja layi a kai ba tare da ka saka waya ba ko kaɗan. In kududdufin narkakken ƙarfen ya kwanta lumui yana sheƙi, layin ya fito sumul, toh gas ɗinka da tos ɗinka, wato kan waldar da kake riƙewa a hannu, lafiyarsu lau, matsalar tana wajen waya ko dattin fayif. In kuwa ko a hakan ma yana tartsatsi yana tafasa yana barin baƙin hayaƙi a gefe, toh iska ce ke shiga, sai ka bi layin gas tun daga silinda har bakin tos.

Ni dai zargina na farko wayar nan ce da kake farfasawa. Ka bari daga yau. Ƙarfen da ke cikin ilektirod ba a yi shi don ya yi aiki shi kaɗai ba, sinadaran da ke kama iskar oksijin a ɓawon aka zuba su, kai kuma ka fasa ka zubar, ga ragowar hodar da ke maƙale a jiki duk yadda ka kankare. Wayar TIG ta gaskiya a cikin ƙarfenta aka zuba waɗannan sinadaran. Ka nemi wadda aka rubuta ER70S-2 ko ER70S-6, ta farkon tana da alminiyam da titaniyam da zakoniyam kaɗan kaɗan a ciki, ta biyun kuma silikon da manganis ɗinta sun fi yawa, duka biyun suna yi a baƙin fayif. Ka duba rubutun a jikin kwalin ko a ƙarshen wayar inda ake buga shi, saboda akwai wata waya mai ruwan jan ƙarfe sak irinta ta waldar gas ɗin kabaid, RG45, a ido baka bambance su amma in ka saka ta a TIG tafasa zata yi ta yi maka. Ga fayif mai milimita 1.5 ka ɗauki waya mai 1.2 ko 1.6, in ta fi haka kauri sai ka ƙara wuta kafin ta narke kuma kafin nan fayif ɗin ya riga ya ɓule. Ita ma wayar a share ta da asiton kafin aiki, zaka sha mamakin baƙin da zai fito a tsumman.

Sai maganar gas da kace ka kai lita 20. Nan ma ka ƙara wa kanka matsala ne da kyakkyawar niyya. Gas in ya yi yawa baya fitowa a natse, hargitsewa yake yi a bakin kofin da ke zagaye da tangistin ya riƙa janyo iskar waje yana cakuɗa ta da kansa, sai ka ga ramukan sun ƙaru ga silinda tana ƙarewa da wuri. Da kofi lamba 6 ko 7 lita 7 zuwa 9 a minti ta ishe ka. Sannan ka tabbatar me ke cikin silindar, dole agon zalla ne, ba haɗin nan na waldar MIG ba, wadda injinta ke turo waya da kansa, mai kashi 75 agon kashi 25 kabon dayoksaid, wannan haɗin nan take yake cinye tangistin ya baƙanta shi, kuma yana faruwa a cika wa mutum wanda ba shi ya nema ba ko a ba shi silindar da aka taɓa zuba wani abu a ciki. In kana da abokin aiki mai silindar da ka san tana aiki lafiya ka aro ta na rabin awa ka gwada, nan take zaka sani. Ka haɗa ruwan sabulu ka shafa a duk mahaɗa, wajen geji, bayan inji, gindin tos, ka ga ko zai yi kumfa, kuma kar kace ai gas ne ke fita ba iska ke shiga ba, tiyo mai huda yana zuƙo iska yayin da gas ke gudu a ciki. Ka kwance kan tos ɗin ka duba 'yar robar zoben nan ta murfin baya ko ta tsage, ka duba farin abin nan da kofi ke zama a kai ko ya zauna daidai, ka duba kofin kansa ko ya yi tsaga. Waɗannan ƙananan abubuwa ne marasa tsada amma su ne suka fi sa mutane zagin inji. In zaka iya sayen gas lens, wato mariƙin tangistin mai raga a ciki, ka saya, yana sa gas ya fito a miƙe kuma yana ba ka damar fito da tangistin waje sosai don ka shiga lungun da fayif biyu suka haɗu.

Fanka kuma na san akwai zafi, amma ko 'yar iskar da baka ɗauke ta komai ba tana iya ɗauke agon daga kan waldar. Ka juya ta ta bugi bayanka daga nesa ko ka kafa katako ya tare, in a waje kake aiki dole ka yi shinge.

Mu zo kan fayif ɗin kansa. Baƙin ɓawon nan da ƙarfe ke zuwa da shi daga masana'anta dole ya fita, burushin waya baya cire shi sai dai ya goge shi ya yi ƙyalli ka zaci ya fita, sai an sa giranda mai faifan yashi har ka ga farin ƙarfe, kamar santimita 2 zuwa 3 daga bakin gaɓar. Abin da mutane da yawa ke mantawa shine cikin fayif ɗin. Ana shafa masa mai tun daga masana'anta don kar ya yi tsatsa, ga ruwan yanka da ke taruwa a ciki, kai ka goge waje tas amma da zarar zafi ya ratsa sai man na ciki ya ƙone hayaƙinsa ya bi ta gaɓar ya shigo cikin kududdufin daga ƙasa. Ka naɗa tsumma a sanda ka jiƙa da asiton ka share ciki, ka cire ƙaiƙayin yanka da fayil. Ka jira asiton ya bushe kuma ka ɗauke kwalbar da tsumman daga wajen kafin ka kunna wuta. Kada ka kuskura ka yi amfani da feshin wanke birki mai sinadarin kulorin a wajen walda, zafi da hasken wutar suna mai da shi iskar fosjin, guba ce da kaɗan ɗinta ke lalata huhu. In kuma fayif ɗin galbanais ne mai rufin zink, toh zink yana tafasa a digiri 907 shi kuwa ƙarfe sai wajen 1500 yake narkewa, kaga kenan kafin ƙarfe ya narke zink ya riga ya zama hayaƙi yana tsalle yana manne wa tangistin, ga zazzaɓin da hayaƙin ke sa wa. Ko dai ka goge shi gaba ɗaya ciki da waje ko ka bar wa wata waldar.

Baƙin da tangistin ke yi yana ba ka labari ne in zaka saurara. Da farko ka duba ina ka soka wayar tos, a waldar ƙarfe tos yana ramin da ke da alamar ɗebewa, wayar at, wadda ake maƙalawa a jikin aiki, kuma a mai alamar tarawa, kuma inji a kan DC. Masu zuwa daga ilektirod da yawa sun saba da akasin haka, in ka juya su zafin kan tangistin zai taru, abin da sai digiri 3422 yake narkewa zaka ga ya dunƙule ya narke cikin daƙiƙa kaɗan. In wannan daidai yake, toh ka kalli launinsa bayan ka gama, ya kamata ya fito fari yana sheƙi, in shuɗi ne ko baƙi toh gas na ɗaukewa tun yana da zafi. Akwai maɓallin da ke sa gas ya ci gaba da fita bayan wuta ta mutu, a yawancin injina Post flow aka rubuta, ka ba shi kamar daƙiƙa 1 ga kowane amfiya 10, wato daƙiƙa 6 ko 7 a aikinka, kuma ka bar tos ɗin a kan waldar har gas ɗin ya tsaya, kar ka fizge hannu kamar yadda aka saba a ilektirod. Duk lokacin da bakin tangistin ya taɓa kududdufi ko waya ka tsaya ka cire ka wasa, na san abin haushi ne amma ci gaba da shi a haka wutar yawo zata riƙa yi. Ka wasa guda huɗu ko biyar ka ajiye kusa don kar ƙiwa ta hana ka canzawa. Wajen wasawa layin gugar ya bi tsawonsa ba ya zagaye shi ba, tsinin ya kai kamar ninki biyu na kaurinsa, kuma a ware masa dutsensa daban wanda ba a gugar wani ƙarfe da shi. Mai kauri 1.6 ya dace da aikinka, mai shuɗin kai ko ruwan gwal ko ruwan toka duk suna yi, mai koren kai na alminiyam ne ka bar shi. Mai jan kai yana aiki sosai amma yana da toriyam a ciki, wani sinadari mai cutarwa, kar ka shaƙi ƙurarsa in kana wasawa.

Ɓurmewa kuma galibi ba daga yawan wuta kaɗai take zuwa ba. Lissafin da ake bi shine kamar amfiya 40 ga kowace milimita ta kauri, kenan fayif ɗinka wajen 55 zuwa 60. Wasu in sun ga yana ɓulewa sai su rage wuta sosai, sai kuma su daɗe a waje ɗaya suna jiran ya narke, zafin ya bazu ko'ina fayif ya yi ja ya zube, gara wuta isasshiya da tafiya da sauri. Kududdufi ya taso cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, in ya wuce haka wutarka ta yi kaɗan. Sannan tazarar bakin tangistin da ƙarfe, ka matso da shi sosai kamar milimita 1.5 zuwa 2, da zarar ka ɗaga hannu wutar zata baje ta cinye gefe da gefe ta bar kwari a bakin waldar, wayar ma ta narke ta dunƙule tun kafin ta iso. A fayif abin yafi wuya saboda kana zagaya abu ne mai lanƙwasa, in hannunka bai juya tare da shi ba zaka fara da tos a tsaye ka ƙare da shi a kwance, gas ya tafi wani waje. Tos ya karkata kaɗan kawai, digiri 10 zuwa 15, kuma kar ka yi ƙoƙarin zagayewa a numfashi ɗaya, ka raba zagayen gida huɗu, ka yi kwata ka tsaya ka gyara zama, ka koma kwatan da ke fuskantarsa, wannan ma yana rage lanƙwashewar aikin. Ka nemi inda zaka jingina hannu ko da ɗan katako ne. Bakin wayar kuma kar ka riƙa janye shi can nesa bayan kowace ɗosawa, ya zauna cikin inuwar gas, in ya fita da zafinsa iska zata ƙona shi ka dawo da dattin ciki da hannunka.

Amma fa duk wannan banza ne in haɗin bai zauna ba. Siririn fayif baya yafe giɓi. In ka yanka bakin ka ɗora ka ga haske yana wucewa sosai toh a nan zai ɓurme, ka ɓata lokaci da fayil har bakin ya rungumi ɗan uwansa, giɓin kar ya kai kaurin wayarka, sannan ka ɗosa a waje huɗu kafin ka fara. A wannan waldar shiri yafi waldar kanta cin lokaci kuma haka ya kamata ya zama.

Tofowar da yake yi a zagayen ƙarshe kuwa ita ce mafi sauƙin magani cikin duka. Ka rufe fayif ta ko'ina, iskar da ke ciki ta yi zafi ta kumbura, ba ta da hanyar fita sai ta wajen da ke narke, shine take turo ƙarfen waje. Ka huda ɗan rami milimita 2 ko 3 a inda ba a gani, ko a jikin fayif ɗin da ɗayan zai zauna a kai yadda iskar zata wuce cikin na biyun, in aiki ya huce sai ka toshe in da buƙata. Shikenan.

Tsagar da aka kira ka a kanta kuma ina kyautata zaton daga inda ka ƙare waldar ta fara. In ka kashe wuta farat ɗaya tsakiyar kududdufin na lotsawa ya bar ɗan rami, daga nan tsaga ke tashi musamman in dama waldar cike take da kumfa a ciki. In injinka na da Down slope ka ba shi daƙiƙa 2 zuwa 3 wutar ta riƙa sauka a hankali, ka ƙara ɗigon waya ɗaya ko biyu a ƙarshe, kuma ka hau kan inda ka faro da kamar milimita 5. Kar ka watsa wa walda ruwa don ta yi saurin hucewa, barta ta huce da kanta, wannan ya fi tsanani in wata rana aka kawo maka fayif ɗin kuromoli 4130 irin na firem ɗin keke da motar tsere.

Wajen gyaran aikin da ka riga ka yi, kar ka bi ta kan ramukan da wuta kana fatan su narke su ɓace, ba zasu ɓace ba, sama zata yi kyau ƙasa na nan da kumfarta. Ka kankare fotin da fentin gaba ɗaya har nesa da gaɓar, ka goge tsohuwar waldar har sai ka daina ganin ko ɗigon rami, in tsaga ce ka bi ta har ƙarshenta ka wuce kaɗan, in kuma fayif ya yi siriri da guga toh yanke wajen ka sa sabo. Ƙananan ɗigo masu ruwan ƙasa kamar gilashi da zaka gani a saman walda mai kyau kar su tsorata ka, silikon ne ya taso da datti, burushi na ɗauke su kafin fenti.

Kafin ka taɓa aikin kowa kuma ka samu ragowar fayif irin wannan ka yi ta haɗawa, ka yanka gaɓar da zarto ka kalli ciki ko ta ratsa, ka ɗaure wata a bais ka yi ta dukanta da guduma, fayif ɗin ya lanƙwashe ko ya yage a gefe amma waldar ta tsaya. Ka rufe hannu da wuya saboda hasken TIG yana ƙona fata sosai tunda ba hayaƙin da zai rage shi, gilashin fuska na walda lamba 10 zai yi maka a wannan wutar, kuma kar ka yi aiki a ƙuntataccen waje mara iska domin agon ya fi iska nauyi, taruwa yake yi a ƙasa ba wari ba launi.

Ka sayi wayar, ka mai da gas lita 8, ka yi gwajin falan ƙarfen nan, sannan ka sake rubuto min ka faɗa min yadda layin ya fito da launin tangistin bayan ka gama da kuma abin da aka rubuta a jikin silindarka. In bayan duk wannan wutar na yankewa ko tana hawa da sauka da kanta, a lokacin ne zamu yi maganar inji. Amma abin dafawar nan kam kar ya kwana biyu baka je ba. Allah ya yi wa sana'a albarka.